Babi na Biyar: Hanyar Ruwa a Kan Takarda

A ƙasar Kano da rani ake cinikin fili. Da zarar an kwashe amfanin gona, an kai kara gida, iska ta share ƙasa, sai dillalai su fara zirga-zirga da masu saye a bayan babur. A irin wannan lokaci ko'ina tudu ne. Gonar jigawa da gonar kwari duk launinsu ɗaya, duk a bushe ƙamas, kuma dillali ba ya rasa abin faɗa: "Alhaji, nan ko ɗigo ba ya kwana." Sai watan Agusta ya kama, an shiga marka, sannan mai sabon gini ya gane cewa tsohuwar fadama aka yanka masa da igiya.

Akwai shaidar da za ta iya faɗa masa gaskiya tun bai ba da kafin alƙalami ba. Tana nan kwance cikin durowar ƙarfe a ofisoshin safiyo da ɗakunan taswira na jami'o'i, ta yi ja saboda tsufa, gefenta ya fara zagwanyewa. Tsohuwar taswira ce, wadda aka zana tun gonakin Bacirawa, Tudun Fulani da Rijiyar Zaki suna gonaki, tun birni bai tsallako ganuwa da nisa ba. Abin da ta fi komai riƙewa shi ne inda ruwa yake bi da inda yake kwana. Gidaje sukan rushe, hanya takan sauya, amma gangaren ƙasa yana nan inda yake.

Masu zanen farko

Tun ranar da baƙi suka fara zana ƙasar nan, ruwa suke bi. Da Kyaftin Kilafaton ya shigo Kano a watan Janairun 1824, abin da ya fara ɗaukar hankalinsa shi ne wata babbar fadama da ta kusa raba birnin gida biyu, ga kududdufai birjik inda aka haƙi ƙasar gini. Ya lura cewa kasuwa tana ci a kan wani ɗan tsiririn tudu a tsakiyar fadamar, kuma da damina ruwa yakan cinye wurin. Jakara ke nan da kasuwar Kurmi. Shekara 27 bayan haka, a 1851, Bajamushen nan Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya hau Dala ya zana birnin, ya sa Jakara a tsakiya.

Ba baƙi kaɗai ke zane ba. A Sakkwato, cikin wannan shekara ta 1824, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ba Kilafaton taswirar da ke nuna ƙasashe da garuruwa da yadda kogin Kwara ya ratsa su, aka buga ta a Landan a 1826. Tambayar da ta hana Turawa barci a lokacin ita ce: ina Kwara take zuba? Abin dariyar shi ne sun yi shekaru aru-aru suna ciniki a bakinta ba su sani ba. A gaɓar teku kogin yana rarrabuwa ne ya zama ɗaruruwan ƙoramu masu ratsa dausayi da dazuzzukan cikin ruwa, har mai jirgi ya ɗauka kowacce kogi ce mai zaman kanta. Sai a 1830 'yan'uwan nan biyu, Richard da John Lander, suka bi ruwan da kwale-kwale har suka ɓulla teku. Dausayi, na bakin teku ne ko na cikin ƙasa, shi ne abin da ya fi wahalar da mai zane, domin ba shi da gefe tsayayye. Yau ƙasa ne, gobe ruwa.

Gona-gona, taki-taki

Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, buƙatarsu ta koma kan haraji. Wajen 1909, zamanin Sarki Abbas, aka fara awon taki a gundumomin da ke kewaye da birni. Malamin taki yakan zo da dagaci da mai unguwa, ya taka tsawon gona da faɗinta, ya rubuta sunan mai ita, a yanka masa kuɗin ƙasa gwargwadon girmanta. Daga baya En'e ta Kano ta kafa ofishin safiyo nata, 'yan ƙasa da suka koyi aikin suka riƙa awo da sarƙa suna zana kowace gona a kan takarda. Zuwa farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, akwai ƙauyuka a kewayen birni da aka zana su gona-gona, kowacce da lambarta da sunan mai ita. Wurare kaɗan ne a karkarar Afirka ta Yamma suka sami irin wannan.

Don haraji aka yi, amma masu bincike suka ci moriya. A 1965 Michael Mortimore da abokin aikinsa Wilson, na sashen nazarin ƙasa na Jami'ar Ahmadu Bello, suka fitar da rahoto a kan ƙasa da jama'a a gundumar Ungogo, wato ƙasar da Bacirawa take ciki. Polly Hill ta yi irin wannan aiki a Ɗorayi, littafinta ya fito a 1977. Abin da suka gani shi ne karkarar da babu saura a cikinta: fiye da kashi 80 cikin 100 na ƙasar ana noma ta kowace shekara, jakuna na jigilar taki daga birni cikin mangala, gawo da ɗorawa da tsamiya na tsaye a tsakiyar gonaki, gado kuma na ta yanka gona yana ƙanƙanta ta.

A irin wannan ƙasa fadama ba ta da yawa, shi ya sa take da tsada. A nan ake dasa rake, a yi lambun albasa da tumatir da rani, a kafa jigo a bakin rijiyar da ba ta wuce gaba biyu ba. Nan ne mashayar dabbobi, nan burtali yake ƙarewa. Manomi bai taɓa gina ɗaki a cikinta ba, ba don wata doka ta hana shi ba, sai don ya san abin da take yi da damina.

Kallo daga sama

A 1946 Ingila ta kafa hukumar zana taswirar ƙasashen da take mulka, aka sake mata suna a 1957, ta ci gaba da aiki da ofishin safiyo na tarayya a Legas da na Jihar Arewa a Kaduna har bayan samun 'yanci. Dabararsu ita ce hoto daga jirgin sama. Jirgi yana tafiya layi-layi yana ɗauka, kowane hoto yana hawa kan fiye da rabin wanda ya gabace shi. In aka jera hotuna biyu maƙwabta aka duba da wani tabarau na musamman, sai ƙasa ta taso: tudu ya yi sama, kwari ya nutse. Da haka aka zana taswirorin da har yau su ne ginshiƙi, musamman masu ma'aunin 1:50,000.

Ma'anar wannan lamba mai sauƙi ce. Santimita 2 a takarda kilomita 1 ne a ƙasa, kuma falle ɗaya yana ɗaukar wajen kilomita 27 ta kowane gefe. Abu uku mai neman ruwa zai duba. Na farko shuɗin layi: in ya tafi a miƙe ba yankewa, ruwa ne mai daɗewa, in ya tafi a gutsuttsure, rafi ne na damina wanda rani ke mayarwa yashi. Na biyu 'yan alamun da suka yi kama da tushen ciyawa a kan gajerun shuɗɗan layuka, wato wurin da ruwa ke kwanciya. Na uku, wanda ya fi su muhimmanci, siraran layuka masu ruwan ƙasa da suke lanƙwasa ko'ina. Kowane ɗaya yana haɗa wuraren da tsayinsu daga teku yake daidai, kuma a tsofaffin fallayen da ƙafa aka auna, ba da mita ba. Inda suka matsu da juna akwai gangare. Inda suka yi nisa da juna ƙasa shimfiɗe take. Inda kuwa suka yi tsini suna nuna sama ɗaya bayan ɗaya, to kwari ne, ko an zana masa shuɗin layi ko ba a zana ba. Ruwan sama duk da ya sauka a kewayen nan ta wurin zai wuce.

Wanda ya shimfiɗa fallayen arewacin Kano zai ga abin da ba a gani daga kan titi. Birnin yana zaune ne a kan doron da ya raba ruwa biyu: na kudu yana gangarawa Calawa, na arewa yana bin Jakara ya nufi arewa maso gabas ta ƙasar Minjibir. Can gaba kuma ga Tomas da Gari. Su ukun nan duk halinsu ɗaya. Muddin suna kan ƙasa mai dutse a ƙarƙashi, suna da kwari sosai da gaɓa; da sun shiga ƙasar rairayi ta gabas sai layinsu ya fara dusashewa, ya bazu cikin fadamu, ya ɓace. Farfesa Olofin na Jami'ar Bayero ya daɗe yana bayani a kan wannan iyaka ta ƙarƙashin ƙasa da yadda take juya halin kogunan Kano.

Shekarun da hoton ya kama

Sa'a ce babba cewa an ɗauki yawancin hotunan nan a shekarun 1950 da 1960, domin shekaru ne na ruwa. Damina tana cika, fadamu suna tumbatsa. Bayansu sai abubuwa biyu suka zo tare. Na farko fari: na 1972 zuwa 1973, sannan na 1983 zuwa 1984. Na biyu madatsun ruwa. Gwamnatin Audu Baƙo ta gina Bagauda, ta gina Tiga wadda aka kammala a 1974, mai ɗaukar ruwa kusan mita biliyan 2 na awon ciki. A tsakiyar shekarun 1970 aka tare Jakara a Wasai, aka tare Tomas, aka biyo da Watari a ƙasar Bagwai, sai madatsar Calawa ta ƙasar Ƙaraye a 1992.

Tiga ta rayar da noman rani a Kadawa, Kura da Bunkure, wannan babu musu. Amma ruwan da ta riƙe akwai masu jiransa a ƙasa. Kogin Kano da Calawa suna haɗuwa su zama kogin Haɗeja, shi kuma ya bazu a dausayin da ke tsakanin Haɗeja da Nguru kafin ragowarsa ta bi Komadugu Yobe zuwa Tafkin Cadi. A shekarun ruwa ambaliyar wannan dausayi takan rufe fiye da murabba'in kilomita 2,000. Bayan fari da madatsu, shekaru da yawa ba ta kai rabin haka ba. Masu binciken da suka fitar da littafi a kan dausayin a 1993, Hollis da Adams da Aminu-Kano, da tsofaffin hotunan sama da taswirori suka gwada da da yanzu. Ba don takardun nan ba, da maganar masunci da mai shinkafa da Bafulatanin da ya rasa makiyaya ta tsaya a "da can ruwa ya fi haka", wanda kowane jami'i zai iya kaɗa masa kai ya wuce. Daga baya kuma wata matsalar ta ɓullo: da ruwa ya koma gudana rani da damina maimakon ya zo ya janye, sai ciyawar kacalla ta toshe tsofaffin hanyoyinsa, ya riƙa fasa sababbi yana cin gonaki da ƙauyuka.

A kewayen birni kuwa abin da fari ya yi shi ne ya sa mantuwa. Shekara ashirin ana ganin kwari a bushe, daidai lokacin da Kano take kumbura. Ƙaramar hukumar Ungogo, wadda ba ta wuce murabba'in kilomita 200 da 'yan kai ba, ƙidayar 2006 ta ba ta mutum sama da 360,000. Magada suka sayar, dillalai suka yi awon igiya, aka cike kududdufai da shara aka ɗora bulo. Daga shekarun 1990 damina ta fara dawowa da ƙarfinta, ta tarar da rufin kwano da daɓen siminti inda da rairayi ke shanye ta. Ruwan da ya fi na da gudu ya nemi hanyar da ya sani, ya iske falon wani a kai.

Bakin tafkin da ya yi ƙaura

Mu da muke nesa da teku muna da gaɓa tamu, ita ce ta Tafkin Cadi, kuma a can ne tsohuwar taswira ta taɓa yanke hukunci tsakanin ƙasa da ƙasa. A 1963 faɗin tafkin ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000. Zuwa tsakiyar shekarun 1980 abin da ya rage bai fi kashi ɗaya cikin goma ba. Baga, wadda da take bakin ruwa, ta koma gari a kan tudu. Masunta da manoma, Hausawa da yawa a cikinsu, suka bi ruwan yana janyewa suna kafa ƙauyuka a kan ƙasar da ya bari, har suka kai su Darak. Hukumomin Najeriya suka bi mutanensu da makaranta da haraji. Kamaru ta ce ƙasarta ce.

Da magana ta je Kotun Duniya a birnin Heg, sai aka koma kan takardun Ingila da Faransa na 1919 da 1931, da taswirar wani Bajamushe mai suna Moisel da aka liƙa wa yarjejeniyar farko. Takardun sun ce iyaka ta miƙe daga wani wuri a cikin tafki zuwa bakin kogin Ebeji. To, ina bakin Ebeji, tunda tafkin da yake zuba a ciki ya tafi, kogin kuma ya rabu biyu? A hukuncinta na 10 ga Oktoban 2002, kotu ta tsayar da wurin da bakin yake a zamanin da aka rubuta yarjejeniyar, ba inda ruwa ya koma ba. A Disamban 2003 Najeriya ta miƙa ƙauyuka sama da 30. A cikin wannan hukunci ne kuma Bakasi, dausayin bakin teku mai ƙoramu rututu, ta tafi hannun Kamaru bisa yarjejeniyar Ingila da Jamus ta 1913.

Wani wurin kuwa gyara ake yi da irin waɗannan takardu. A Amurka, hukumar awon gaɓar teku ta zana dausayin mashigin San Faransisko tun shekarun 1850, ƙorama-ƙorama. Daga baya aka datse mafi yawansa, aka mai da wani sashe gonakin gishiri. Da gwamnati ta sayi eka kusan 15,000 a 2003 don a mayar da shi yadda yake, tsofaffin zanen aka ɗauko, aka fasa shingayen a daidai bakin ƙoramun da, ruwan teku ya shiga ya share hanyarsa da kansa. Da tsohuwar zuma ake magani.

Iyakar shaidar takarda

Duk da haka kada a ɗora wa taswira abin da ba za ta iya ɗauka ba. Da rani ake tashin jirgin hoto, lokacin da babu gajimare, saboda haka tabkin da ke cika a Agusta ya ƙafe a Nuwamba sau da yawa bai shiga ba. Shekarar da aka buga falle kuma ba ita ce shekarar da aka ɗauki hoton ba. Ƙananan rubutun da ke gefen ƙasa su ne ke faɗin gaskiyar wannan, wani lokaci tazarar ta kai shekara goma. Sunayen ƙauyuka an rubuta su yadda kunnen baƙo ya ji, wasu an ɗora su a kan unguwar da ba tasu ba. Ga kuma batun ma'auni: milimita 1 a takarda mita 50 ce a ƙasa, wato kaurin layin fensir ya rufe fuloti uku masu faɗin ƙafa hamsin-hamsin. Taswirar ba za ta raba rigimar iyaka tsakanin maƙwabta ba. Wanda kuma ya ɗora ta a kan hoton tauraron ɗan'adam na wayarsa zai ga sun goce da mita gommai, domin tsohon awon daga wani tushe da ke Minna aka ɗauko shi, na waya kuwa tushensa daban. Sai an daidaita su da abin da ba ya motsi, kamar Dala, Goron Dutse, layin dogo ko tsohuwar mararraba.

Abin da takarda ta rasa yana bakin dattawa. Tsohon da ya yi noma a Bacirawa kafin farin 1973 ya san gonar da ake shuka dawa saboda laka da wadda sai gero, ya san inda jaki ke kafewa, ya san rijiyar da ba ta taɓa ƙafewa ba. Ƙasa ma tana magana ga wanda ya iya ji: baƙar laka mai tsagewa da rani, giginya ko ɗinya a jere, farin gishiri-gishiri a gindin katanga. Sunayen unguwanni kansu rajista ce, daga Kwarin Gogau zuwa Tudun Fulani. Sai dai dattijo ba shi da ma'auni, kuma ba a karɓar tunaninsa a ofishin tsara birni. Taswira tana da ma'auni, ba ta da damina. In aka zaunar da su wuri ɗaya, a shimfiɗa falle a gaban mai unguwa da tsofaffin manoma su nuna da yatsa, ɗalibin nazarin ƙasa ya sa alama, cikin 'yan kwanaki mazaɓa guda za ta mallaki taswirar hanyoyin ruwanta.

Kayan aikin suna nan. Akwai fallaye a ofishin Babban Safiyo na Tarayya a Abuja, da sassan nazarin ƙasa na Bayero da Ahmadu Bello, akwai takardun gundumomi a gidan adana tarihi na ƙasa da ke Kaduna. Hotunan sama na waccan hukuma ta Ingila, sama da miliyan ɗaya daga ƙasashe da dama, suna ajiye a birnin Edinbara. Abin da ya rage shi ne a ɗauki hoton na gida da na'ura kafin gara da ɗanshi su gama da su, a sa su inda mai sayen fili da dagaci da alƙali za su iya gani, a kuma wajabta duba su kafin a yanka kowace gona. Kuɗin wannan bai kai na kwalbati ɗaya ba. Dattawan da suka ga fadamun nan cike da ruwa kuwa yanzu sun haura saba'in, saboda haka da su ya kamata a fara. A babi na gaba za mu sauka ƙarƙashin ƙasa, mu ga abin da rufe fadama ya yi wa rijiyoyin da ke kewaye da ita.